Aleksiyos Komninos: Sarkin da ya tarar da Daular Rumawa tana gab da rushewa

A watan Afrilun 1081 wani matashin kwamandan soja mai suna Aleksiyos Komninos ya shiga Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, ya tumɓuke Sarki Nikiforos na Uku, ya hau gadon sarautar Daular Rumawa ta Gabas.

Daular da ya karɓa tana cikin mawuyacin hali. A 1071 Turkawan Saljuk ƙarƙashin Sultan Alp Arslan sun ci rundunar Rumawa da yaƙi a Manzikat, har suka kama sarkinsu. Rikicin sarauta da ya biyo baya ya ba su damar mamaye mafi yawan Anadoliya, yankin da daular ke samun sojoji da haraji. Baitulmali ya ƙare, kuɗin zinare kuma an yi ta yi masa gauraye har ya rasa daraja.

Ya haɗa maƙiya da maƙiya

Kafin ya gama zama daram, Normawa daga kudancin Italiya ƙarƙashin Robat Giskad suka tsallako teku suka kewaye birnin Dirakiyon, wanda ke Albaniya a yau. A watan Oktoban 1081 suka fatattaki rundunarsa, shi kansa da ƙyar ya tsira.

Daga nan ya koma neman taimakon waje. Ya kwashe kayan zinare da azurfa na majami'u don biyan sojoji, abin da ya jawo masa fushin malaman addini. Ya aika wa Sarkin Jamus Henri na Huɗu kuɗi masu yawa don ya tayar da ƙura a Italiya, har Giskad ya koma gida. Mutanen Fenis kuwa suka ba shi jiragen ruwan yaƙi, shi kuma ya yafe wa 'yan kasuwarsu kuɗin fito a tashoshin daular. Mutuwar Giskad a 1085 ta kawo ƙarshen wannan barazana.

Sai kuma Pechenek, wasu mahaya dawakai daga arewacin Kogin Danub, suka matso har kusa da babban birnin. Aleksiyos ya jawo Kuman, wata ƙabilar mahaya, suka haɗu suka murƙushe su a Lebuniyon ranar 29 ga Afrilun 1091.

Gyaran cikin gida

Juyin mulki shi ne ya cinye sarakunan da suka gabace shi, don haka ya ɗaure manyan gidaje da aure da muƙamai. Mahaifiyarsa, Anna Dalasena, ita ce ke tafiyar da harkokin gwamnati idan ya fita yaƙi, yayansa Ishaku kuma aka ƙirƙiro masa sabuwar sarauta ta biyu bayan ta sarki. A 1092 ya fito da sabon kuɗin zinare mai inganci, wanda ya dawo da amincin 'yan kasuwa ya kuma sauƙaƙa tara haraji.

Taimakon da ya zo da rigima

Saura Anadoliya. A 1095 ya tura jakadu wurin Paparoma Urban na Biyu yana neman sojojin da za su taya shi yaƙar Saljuk. Abin da ya iso ƙofar birninsa a 1096 da 1097 ya wuce abin da ya roƙa: dubban mayaƙan Salibiyya masu shugabanninsu, da burin kama Ƙudus.

Ya ciyar da su, ya sa yawancin shugabanninsu suka rantse za su mayar masa da duk garin Rumawa da suka ƙwato, sannan ya yi sauri ya tsallakar da su teku. Da haka ya samu birnin Nikiya a 1097 da garuruwan gaɓar yammacin Anadoliya. Amma da suka ci Antakiya a 1098, Bohemon, ɗan Giskad, ya riƙe ta, yana zargin sarkin da barin su cikin ƙunci. Daga baya ma ya kawo masa hari, sai dai Aleksiyos ya tilasta masa sulhu a 1108.

Abin da ya bari

Ya mutu a watan Agustan 1118 bayan shekara 37 a kan mulki, ɗansa Yohana na Biyu ya gaje shi. 'Yarsa Anna Komnena ce ta rubuta tarihin mulkinsa, littafin da masana ke dogaro da shi har yau.

Ya bar daula mai runduna, da kuɗi mai daraja, da gidan sarauta da ya daɗe har 1185. Sai dai rangwamen da ya yi wa Fenis ya sa cinikin daular ya riƙa komawa hannun baƙi, rashin yarda da mayaƙan Yamma kuma ya ci gaba da tsananta. A 1204 mayaƙan Salibiyya tare da jiragen Fenis suka ci Kustantiniyya, suka wawashe ta.