Martin Luther: Mutumin da Ya Kasa Biyan Bashinsa

Karatu: Romawa 1:16-17, Afisawa 2:8-10

Mai karatu, ka taɓa tambayar kanka ko ayyukanka na kirki sun isa su kai ka gaban Allah? Wannan tambaya ce ta hana Martin Luther barci shekara da shekaru.

An haife shi a Eisleben, ƙasar Jamus, a shekara ta 1483. Mahaifinsa ya so ya zama lauya. Amma a 1505 hadari ya rutsa da shi a hanya, tsawa ta faɗi kusa da shi. Tsoron mutuwa ya kama shi, ya yi wa'adi zai keɓe kansa domin ibada. Cikin wannan wata ya shiga gidan masu ibada a Erfurt.

A can ya yi azumi, ya kwana yana addu'a, ya riƙa furta zunubansa na tsawon awoyi. Duk da haka bai sami salama ba. Ya zama kamar mai bashin da yake biya kullum, amma ba wanda ya gaya masa sauran nawa. Shugabansa, Staupitz, ya ce masa ya dubi Almasihu, ya kuma sa shi koyar da Littafi Mai Tsarki a Wittenberg.

A 1515 ya fara koyar da wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa. A dā, in ya ji an ambaci adalcin Allah, hukunci kawai yake gani. Sannu a hankali ya gane cewa adalcin nan kyauta ce da Allah yake ba mai zunubi ta wurin bangaskiya ga Yesu. An riga an biya bashin a kan gicciye.

Saboda haka, da aka zo ana sayar wa talakawa takardun sassauta horon zunubi, bai yi shiru ba. A 1517 ya rubuta batutuwa 95 a kan haka. A 1521 aka gurfanar da shi gaban sarki Charles na Biyar a Worms, aka ce ya janye, ya ƙi, ko da yake ransa yana cikin hatsari. Abokai suka ɓoye shi a Wartburg, inda ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci, domin manomi ma ya karanta da kansa.

Luther ba marar aibi ba ne. Yana da zafin baki, ya kuma rubuta munanan abubuwa a kan Yahudawa. Shi ma alherin nan yake bukata har ranar da ya rasu a 1546.

Ɗan'uwana, ko a zangon Sokode kake ko a Dapaong, tambayar ɗaya ce. Zuwa sujada, zakka, da taimakon gwauraye suna da kyau, kada ka daina. Amma 'ya'yan ceto ne, ba kuɗin sayensa ba. In ka dogara gare su, ba za ka taɓa sanin ranar da suka isa ba. In ka dogara ga Yesu, yau za ka huta.

Addu'a: Ya Uba, na kawo maka hannuwana wofi. Ka karɓe ni saboda Yesu, ka koya mini yin nagarta domin godiya. Amin.