Ernst Trumpp (1828–1885) da Nazarin Harshen Sindi

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin tarihin nazarin Hausa ya san sunan J. F. Schön, Bajamushen nan da ya wallafa nahawun Hausa a 1862. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ƙungiyar mishan ta C.M.S. da Schön ya yi wa aiki ta tura wani Bajamushen zuwa ƙasar Indiya a wannan zamani, shi ma don ya nazarci harsuna. Wannan mutum shi ne Ernst Trumpp. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bi sawun rayuwarsa, a ga inda ya dace da inda ya yi tuntuɓe.

Tashinsa da zuwansa Sind

An haifi Trumpp a garin Ilsfeld na ƙasar Jamus a shekarar 1828. Ya yi karatu a Jami'ar Tübingen, inda ya ƙware a harsunan gabas. A 1854 ya sauka Karaci, a lardin Sind, wanda Ingilishi suka ci da yaƙi a 1843, yau kuma yake cikin Pakistan. Ya tarar da al'umma mai tsohon tarihin Musulunci, domin tun wajen 711 Muhammadu bin Kasim ya shiga ƙasar. Harshensu, Sindi, ana rubuta shi da baƙaƙen Larabci da aka yi wa ƙari, kamar dai ajaminmu.

Trumpp ya zauna da masu harshen, ya saurari mawaƙansu, ya tattara rubuce-rubucensu. A 1866 ya buga diwanin Shah Abdul Latif, babban sha'irin Sufaye na Sind wanda ya rasu a 1752, a birnin Leipzig. A 1872 kuma ya fitar da nahawun Sindi, wanda har yanzu manazarta ke komawa gare shi. Nahawun Fashto ya biyo baya a 1873.

Sindi da Lituwaniyanci

Darajar nahawun nan tana cikin hanyar da ya bi, wato kwatanci. Bai tsaya ga bayyana ƙa'idoji kurum ba, sai da ya riƙa auna kowace siga da ta Sanskirit da Firakirit, tsofaffin harsunan Indiya. Ya nuna cewa Sindi ya adana tsofaffin sigogi da dama waɗanda 'yan'uwansa suka zubar, musamman gajerun wasulan ƙarshen kalma.

A daidai wannan lokaci, wani Bajamushe, August Schleicher, ya shiga ƙauyukan masu jin Lituwaniyanci a 1852, ya kuma wallafa nahawunsa a 1856. Abin da ya jawo shi shi ne yadda wannan harshe na gaɓar Tekun Baltik ya riƙe tsofaffin sigogi fiye da sauran rayayyun harsunan Turai. Idan aka ɗora aikin mutanen biyu gefe da gefe, zumuntar takan fito fili. Ido a Sindi akhi ne, a Lituwaniyanci akis, a Sanskirit akshi. Haƙori ɗandu ne a Sindi, dantis a Lituwaniyanci, danta a Sanskirit. Biyar kuwa panja ce a can, penki a nan. Ba aro ne ya kawo wannan kama ba, domin dubban mil ne tsakanin al'ummomin biyu. Gado ne daga kaka guda, tushen iyalin harsunan Indiya da Turai.

Sai dai kowane da abin da ya riƙe. Lituwaniyanci ya adana baƙin s na ƙarshen suna da sigogin suna har bakwai, alhali Sindi ya rage su, ya koma dogaro da ƙananan kalmomi da ke bin bayan suna. Sindi kuma ya ƙirƙiro haɗiyau guda huɗu, waɗanda babu su a Sanskirit ko Lituwaniyanci, biyu daga ciki kuwa sun yi kusa ƙwarai da ɓ da ɗ na Hausa. A nan akwai jan kunne ga ɗalibi: Hausa daga iyalin Cadi take, ba ta haɗa jini da Sindi ba. Kamar sauti kaɗai ba ta tabbatar da dangantaka, sai an sami daidaito mai tsari a cikin kalmomi na asali.

Tuntuɓensa

A 1869 gwamnatin Ingila ta ɗora masa fassara Adi Granth, littafi mai tsarki na mabiya addinin Sikh. Ya tafi Lahor, amma bai jitu da malaman addinin ba, ya raina iliminsu. Da fassarar ta fito a 1877, ba ta cika ba, gabatarwarta kuma cike take da ƙasƙanta littafin da masu shi. Ran mabiya ya ɓaci ƙwarai. Sai da Max Arthur Macauliffe ya zauna da malamansu shekara da shekaru, ya fitar da nasa aikin a 1909, sannan aka sami abin da suka amince da shi.

Trumpp ya ƙare rayuwarsa yana farfesan harsunan Samawa, dangin Larabci da Ibrananci, a Jami'ar Munich. Idanunsa suka mutu a ƙarshen kwanakinsa, ya rasu a 1885 yana da shekara 57.

Kammalawa

Mutum ɗaya ne, da kaifin basira ɗaya, amma Sindawa na tuna shi da alheri, mabiya Sikh kuwa da takaici. Bambancin yana ga yadda ya ɗauki mutanen da ya je wurinsu. Mu da muke shirin shiga ƙauyuka da zaurukan malamai don tattara waƙoƙi da kare-karen harshe, ya kamata mu riƙe cewa mai harshe shi ne malaminmu na farko, kuma ba a ɗibar ilimi a wurin wanda aka raina.