Al-Katsinawi: Masanin taurari da Masar ta adana wa Katsina

A shekarar 1741 wani malami Bafulatani daga Katsina ya rasu a Alƙahira, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan masana falaki na Masar a lokacin. Sunansa Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi. Akasarin abin da aka sani game da shi ya fito ne daga alƙalamin ɗan mai masaukinsa, masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti.

Tun a ƙasar Sudan ya ƙoshi da ilimi. Cikin malamansa akwai Muhammad al-Wali na Bagarmi da Muhammad Bindu, wanda ya karantar da shi hisabi da sanin lokuta da ilimin hatimi. Ya sauke farali wajajen 1730, ya zauna a Makka, daga baya ya zarce Alƙahira. Bai sake komowa gida ba.

A Makka ya fara littafinsa Ad-Durrul Manzum, ya kammala shi a Masar, yana mai tace wani tsohon aiki da ake danganta wa Fakhruddin ar-Razi. Masu kambama shi a Facebook sukan tsallake gaskiya ɗaya: littafin ya haɗa taurari da ɗalasimai, bisa imanin cewa motsin sama na taɓa rayuwar mutum. Masanan yau, masu bin diddigin yadda ƙananan gungun taurari ke karo da juna har su narke su zama ɗaya, ba za su kira wannan kimiyya ba.

Inda aikinsa ya tsaya da ƙafarsa shi ne lissafi. A Bahjatul Afaƙ ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimilla guda. A mai gida tara jimillar 15 ce. Wannan ne Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta nuna wa duniya a littafinta Africa Counts na 1973, alhali a Arewa an bar hatimi cikin laya.

Shehu Hasan da kansa ya ɗauki ilimin hatimi a wurinsa. Da ajali ya matso, Al-Katsinawi ya ba shi wasiyyar dukiyarsa da littattafansa, shi kuma ya binne shi a maƙabartar Bustanul Mujawirin.