Harvey Milk

Harvey Bernard Milk (22 ga Mayu, 1930 – 27 ga Nuwamba, 1978) ɗan siyasa ne kuma ɗan kasuwa a ƙasar Amurka. Shi ne mutum na farko a jihar Kalifoniya da ya fito fili ya ce shi ɗan luwaɗi ne, kuma aka zaɓe shi a muƙamin gwamnati. Ba a raba tarihinsa da na unguwar Castro da ke birnin San Francisco.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Woodmere na jihar New York, a gidan Yahudawa 'yan asalin Lithuania. Ya kammala kwalejin horar da malamai ta Albany a shekarar 1951, inda ya karanta lissafi, sannan ya shiga rundunar sojan ruwa a lokacin yaƙin Koriya. Daga baya ya yi koyarwa, ya yi aikin inshora da na hada-hadar hannun jari. A waɗannan shekarun yana ɓoye rayuwarsa, kuma ra'ayinsa na 'yan mazan jiya ne, har ya goyi bayan Barry Goldwater a zaɓen 1964.

Unguwar Castro

Milk ya koma San Francisco da zama a 1972. A da, ana kiran unguwar da ya sauka Eureka Valley, kuma yawancin mazaunanta ma'aikata ne 'yan asalin Ireland mabiya ɗariƙar Katolika. Da masana'antu suka bar birnin, sai iyalai suka riƙa komawa bayan gari, suka bar tsofaffin gidajen katako masu arahar haya. Nan matasa 'yan luwaɗi daga sassan Amurka suka yi ta kwararowa, da yawansu iyaye ne suka kore su ko aka sallame su daga aiki. Sunan unguwar ma ya sauya a bakin jama'a: sababbin zuwa suna kiranta da sunan babban titinta, Castro, har sabon sunan ya rinjayi tsohon.

A 1973 Milk da abokin zamansa Scott Smith suka buɗe shagon kayan ɗaukar hoto mai suna Castro Camera a lamba 575 kan wannan titi. Ciniki bai taka kara ya karya ba, amma shagon ya zama majalisa. Nan baƙo ke neman labarin ɗaki ko aiki, nan ake rajistar masu zaɓe, nan kuma wanda 'yan sanda suka ci zarafinsa ke kai ƙorafi. Shi ya sa aka yi masa laƙabi da magajin garin titin Castro. A 1974 ya shirya bikin baje koli na titin, wanda har yanzu ake yi.

Siyasa

Sau uku ya tsaya takara yana faɗuwa. A 1977, bayan an koma zaɓen 'yan majalisar birni ta hanyar gundumomi, ƙuri'un unguwarsa suka yi nauyi, ya lashe kujerar gunduma ta biyar. Ya kawo dokar da ta hana nuna wa 'yan luwaɗi da maɗigo bambanci wajen aiki da hayar gida. Ya kuma yi gwagwarmaya da ƙudurin Briggs, wanda ya nemi a kori irin waɗannan malamai daga makarantun gwamnati. Masu zaɓe sun yi watsi da shi a Nuwamban 1978.

Sai dai bunƙasar unguwar ta zo da tsada. Masu kuɗi suka riƙa sayen gidaje suna sayarwa da riba, haya ta yi tashin gwauron zabi, kuma Milk ya nemi a sa musu haraji. Shi kansa bai tsira ba: a 1978 aka ƙara masa kuɗin haya, dole ya kwashe shagon daga titin da ake yi masa kirari da shi.

Rasuwa da abin da ya biyo baya

Ranar 27 ga Nuwamba, 1978, tsohon ɗan majalisa Dan White ya harbe magajin gari George Moscone da Milk a cikin sakatariyar birnin. Milk na da shekara 48, wata goma sha ɗaya kacal ya yi a kan kujera. A daren, dubban mutane suka yi tattaki da kyandirori daga Castro. Da kotu ta yanke wa White ɗaurin shekara bakwai da wata takwas a Mayun 1979, tarzoma ta ɓarke, 'yan sanda kuma suka kai farmaki wata mashaya a unguwar.

Daga 1981 cutar ƙanjamau ta kashe mazaunan Castro masu ɗimbin yawa. Cleve Jones, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Milk, shi ya ƙirƙiro babban mayafin tunawa da mamatan. A yau unguwar na cikin masu tsadar haya, 'yan yawon buɗe ido sun yawaita, kuma da wuya matashin da ya zo hannu rabbana ya samu wurin zama kamar a zamanin Milk. An mayar da tsohon shagon yadda yake a da don ɗaukar fim ɗin Milk na 2008, wanda Sean Penn ya ci kyautar Oscar da shi. A 2009 Shugaba Barack Obama ya karrama Milk da lambar yabo ta 'yanci.