Paul Ehrlich: Likitan Da Ya Bi Sawun Ƙarancin Jini Har Cikin Ɓargo

Duk lokacin da likita ya tura marar lafiya ɗakin gwaji domin a ƙirga ƙwayoyin jininsa, ana bin turbar da wani Bajamushe ya share ne shekaru fiye da 140 da suka gabata. Sunansa Paul Ehrlich. Shi ya koya wa likitoci rarrabe ƙwayoyin jini da rini, shi ne kuma ya fara bayyana cutar da ke hana ɓargon ƙashi ƙera jini.

An haife shi ranar 14 ga Maris, 1854, a garin Strehlen na yankin Silesia, wanda a yau yake cikin ƙasar Poland. Iyayensa Yahudawa ne, kuma mahaifinsa mai masaukin baƙi ne. Wani ɗan'uwansa likita, Karl Weigert, shi ya cusa masa sha'awar rina tsokar jiki kafin a duba ta da madubin likita. Ya yi karatu a jami'o'in Breslau da Strasbourg da Freiburg, ya kammala a Leipzig a 1878, sannan ya kama aiki a asibitin Charité da ke Berlin.

A zamanin, masana'antun Jamus suna ta fitar da sabbin rinin tufafi. Ehrlich ya riƙa shafa ɗigon jini a kan gilashi, ya busar, ya zuba masa rini iri-iri. Sai ya lura cewa fararen ƙwayoyin jini ba jinsi ɗaya ba ne, kowanne da irin rinin da yake sha. Ta haka ya rarrabe su, ya kuma gane jajayen ƙwayoyin da ba su gama nuna ba. Tun a 1868 Ernst Neumann da Giulio Bizzozero suka nuna cewa a ɓargo ake ƙera jini. Rinin Ehrlich ya ba likita damar duba ɗigon jini ya fahimci halin da ɓargo yake ciki.

A 1888 ya wallafa bayanin wata matashiya mai juna biyu da ta rasu bayan fama da matsanancin ƙarancin jini da zubar jini da zazzaɓi. Da aka duba ƙasusuwanta, sai aka tarar kitse ya maye gurbin jan ɓargo. Ehrlich ya fahimci cewa tushen ciwon shi ne ɓargon ya daina aiki. Sai dai ilimin zamanin bai kai ga gano abin da ke jawo haka ba, domin ko ƙwayar cutar bairos ba a san da ita ba sai a shekarun 1890.

A shekarar ce kuma tarin fuka ya kama shi, ya tafi Masar jinya. Bayan ya dawo ya shiga cibiyar Robert Koch a 1891, ya tsara yadda ake auna ƙarfin maganin mashaƙo na Emil von Behring. A 1899 ya koma Frankfurt a matsayin shugaban cibiyar bincike, a 1908 kuma aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Élie Metchnikoff saboda aikinsu kan garkuwar jiki. Shi da mataimakinsa ɗan Japan, Sahachiro Hata, suka tabbatar da maganin tunjere mai lamba 606, wanda ya shiga kasuwa a 1910 da sunan Salvarsan. Ya rasu a Bad Homburg ranar 20 ga Agusta, 1915, yana da shekaru 61.

Tambayar da ya bari ta daɗe kafin ta fara samun amsa. Yanzu an san wasu sinadarai da magunguna suna lalata ɓargo, an kuma san bairos yana yi masa illa ta hanya biyu. Wani lokaci garkuwar jiki ce ke juyowa kan iyayen ƙwayoyin jini bayan ciwon hanta. Wani lokaci kuma bairos ɗin ne da kansa ke shiga cikinsu, kamar Parvovirus B19, wanda Yvonne Cossart ta gano a Landan a tsakiyar shekarun 1970. Wannan bairos yakan tsayar da ƙera jajayen ƙwayoyi na kimanin mako guda zuwa kwana 10. Mai lafiya da wuya ya ji a jikinsa, domin ƙwayarsa tana rayuwa kusan kwana 120. Ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 kawai take yi, don haka jininsa yakan yi ƙasa cikin 'yan kwanaki. A 1981 likitoci a Birtaniya da Jamaika suka nuna wannan alaƙa.

Ga Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, batun ba na tarihi kawai ba ne. Yaro mai sikila da ya yi zazzaɓi, ya ɗashe, ƙarfinsa ya ƙare farat ɗaya, yana buƙatar a gaggauta kai shi asibiti. Ƙarin jini kan riƙe shi har ɓargonsa ya farfaɗo. Kafin nan, a ɗakin gwaji za a ƙirga sabbin jajayen ƙwayoyinsa, waɗanda har yau sai an rina su ake iya gane su.