Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da ke bayan takardar naira 20

 A filinmu na tarihin mutanen da suka riga mu, yau mun ƙetara iyaka zuwa Najeriya, kuma abin da ya kai mu yana cikin aljihun da yawa daga cikinmu.

Mu nan bakin iyaka naira ba baƙuwa ba ce, tare take yawo da sefa a kasuwa. In kun samu takardar naira 20, ku duba gabanta za ku ga Janar Murtala Muhammad. To, ku juya bayanta. Akwai wata mata tana aikin tukunya, an rubuta sunanta: Ladi Kwali. Tun 2007 hotonta yake bisa wannan takarda. Mun sha karɓa, mun sha bayarwa canji, amma kaɗan ne cikinmu suka tsaya suka tambayi ko wace ce.

Mun ɗauko tarihinta ne saboda yanzu ko'ina ka juya sai ka ji ana kiran ƴan mata da samari su zo horon sana'a na ƴan makonni ko ƴan watanni: ɗinkin labule da zanen gado, saƙa, aikin duwatsun ado, rini, kayan ƙawata ɗaki. Iyaye na tambaya ko wanga horo yana da amfani, ko kuwa ɓarnar kuɗi ce. Rayuwar Ladi tana da abin da za ta ce a kan wannan.

An haife ta wajajen 1925 a ƙauyen Kwali, cikin ƙasar Gwari, wanda yau yake cikin yankin babban birnin tarayyar Najeriya. Sunanta Hadiza. Ladi kuwa, kamar yadda kowa ya sani, sunan ɗiyar da aka haifa ran Lahadi ne, sai aka haɗa mata da sunan garinsu. Ba ta shiga lakwal ba. A ƙasarsu ginin tukwane aikin mata ne, kuma tun tana ƙarama ta koye shi wajen wata daga cikin iyayenta mata.

Ginin nasu na hannu ne zalla. Maginiya za ta ɗora curin yumɓu, ta huda tsakiyarsa, ta dinga jawo shi sama tana zagaya shi da ƙafa, tana murza wani yumɓun kamar igiya tana ɗorawa, har cikin tukunya ya fito, wuya ya tashi. Sannan a goge, a yi zane, a shanya, a tara itace da ciyawa a gasa a fili. Haka Ladi ta yi ta gina randuna, tuluna, tukwanen dahuwa da kasake. Abin da ya bambanta nata shi ne daidaito da zane. Da ɗan tsinke ko guntun ƙarfe take fitar da kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi da tsuntsu, ta raba su da layuka, ta gangara murɗaɗɗiyar igiya ko ɗan sassaƙaƙƙen ice bisa ɗanyen yumɓu ya bar sawu.

Sunanta ya bazu har fada. Sarkin Abuja na wancan zamani, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a gidansa don ado. A lura, Abujar da muke magana ita ce tsohuwar, wadda yau ake kira Suleja, cikin jihar Neja ta Najeriya. Sai da aka tashi gina sabon babban birni ne aka ɗauki sunan aka kai can.

A 1950 wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, wanda shi ma maginin tukwane ne kuma ya taɓa aiki a ƙasar da yau ake kira Gana, ya zagaya Najeriya yana duba yumɓu da aikin magina bisa umurnin gwamnatin mulkin mallaka. A gidan Sarkin Abuja ya ga tukwanen Ladi, suka tsaya masa a rai. A 1952 ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin. Manufar ita ce a koya wa ƴan ƙasa yin kwanuka, kofuna, butoci da farantai masu ƙarko, maimakon a yi ta shigo da su daga waje. Ɗaliban farko duk maza ne. A 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko.

Ga inda muke so a saurara da kyau. Lokacin da ta shiga cibiyar tana kusan shekara 30, kuma ta riga ta zama gwana. Ba ginin tukunya ta je koyo ba. Ta je ne ta ƙaro abin da babu a ƙauyensu: aiki da faifan da ke juyawa, wanda magini ke zaune yumɓu na juyi a gabansa, haɗa ruwan ƙyalli da ake shafa wa tukunya ta fito sumul kamar tangaran, da gashi cikin rufaffen murhu mai zafin da ya haura digiri 1,200, zafin da wutar fili ba ta kaiwa. Ta koya, ta ƙware, har ta zama mai koyarwa.

Amma ba ta watsar da na gida ba. Manyan randunanta ta ci gaba da gina su da hannu, tana zagaya su kamar yadda aka koya mata, da kunamarta da hawainiyarta. Sai dai yanzu da yumɓun cibiyar ake yi, a shafa farar ƙasa cikin zanen don ya fito, a zuba ruwan ƙyalli, a gasa cikin murhu. Kwanuka da kofunan da take yi bisa faifai su ma zanen Gwari take sa musu. Daga baya wasu matan suka biyo sawunta, irin su Halima Audu, Asibi Ido, Lami Toto da Kande Ushafa, har ɗakin da suke aiki aka dinga ce masa Ɗakin Gwari.

Wannan haɗin na tsoho da sabo shi ya fitar da ita duniya. An baje kayanta a wani gidan nune-nune na birnin Landan mai suna Berkeley a 1958, 1959 da 1962. Ta je Ingila da kanta, ta je Faransa da Jamus, tana gina randa a gaban ɗalibai da malamansu, ba faifai, ba inji, sai hannu da ƴan tarkacen aikinta. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew tana irin wannan nuni. A farkon shekarun 1960 masarautar Ingila ta ba ta lambar girma ta MBE. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, matar da ba ta zauna aji ba. A 1980 ta samu lambar Najeriya ta masu hazaƙa da ilimi, a 1981 kuma lambar OON. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta 1984. Cibiyar Suleja ta ɗauki sunanta, kuma akwai titi da babban zauren taro masu sunanta a Abuja.

To amma tarihi ba yabo kaɗai ba ne, akwai abin lura. Duk wadda ta taɓa ajiye randa a ɗaki ta san dalilin sanyin ruwanta: jikin randa yana tsatsafo, iska na busawa, ruwa na yin sanyi. Randar da aka shafa wa ƙyalli aka gasa da babbar wuta ba ta tsatsafo, don haka ba ta sanyaya ruwa, ga nauyi, ga tsada. Ke nan randunan Ladi na cibiya sun tashi daga kayan aiki sun koma kayan ado. Masu sayensu Turawa ne da manyan ma'aikata da gidajen ajiye kayan tarihi, ba matan ƙauye ba. Burin nan na cika gidajen talakawa da kwanukan gida bai cika yadda aka so ba, kuma bayan rasuwarta cibiyar ta ja baya ƙwarai.

Me za mu ɗauka mu mutanen Ƙwanni da Adar?

Na farko, horo yana ƙara wa mai hannu ne. Watanni uku ba su mayar da mutum gwani, amma suna iya buɗe wa mai gwaninta ƙofa. Yarinyar da ta taso tana ganin innarta na saƙar faifai, tabarma ko sassaƙar ƙwarya, in za ta shiga horon kayan ado, kada ta bar wannan a bakin ƙofa tana jin kunya. Shi ne jarinta. Da tsohuwar zuma ake magani. Furen roba da labulen kanti kowa na iya kwaikwaya, kuma kullum na kamfani zai fi naka arha. Zanen garinku kuwa ba a samun sa cikin kwali.

Na biyu, kafin a biya kuɗin horo a tambaya: wa zai sayi abin da za a koya? Kayan aikin ana samun su a kasuwar Ƙwanni ko Galmi, ko sai an aika Sakkwato ko Yamai? In an gama, akwai keken ɗinki ko murhun da za a ci gaba da aiki, ko takardar shaida kaɗai za a rataye a bango? Ladi ta dace da cibiyar da ke da murhu, da yumɓu, da hanyar kasuwa. Wanda bai samu waɗannan ba, gwaninta kaɗai ba ta ciyar da shi.

Na uku, ado da amfani kowanne da kasuwarsa. Maginiya na iya gina randar ruwa don maƙwabta, ta kuma gina ta ado don jeren amarya, otel ko baje kolin mata masu sana'ar hannu na SAFEM da ake yi a Yamai. Kada ɗaya ya kashe ɗaya.

Kuma kada mu ɗauka irin wannan sai a wata ƙasa. Tukwanen Mirya da na Bubon sun yi suna a Nijar. Nan kusa da mu, a ƙauyen Yama na yankin Badagishiri, masallacin ƙasa da magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Da laka da itace da hannun mutanen gari aka yi shi.

Ga ƴan'uwa na waje masu aiko kuɗi don ƙanne su koyi sana'a, muna roƙon ku dinga tambayar abin da yaron ya riga ya iya, ku kuma tanadi na kayan aiki bayan horo. In kun tashi komawa bayan ganin gida, ku sayi faifai, ƙwarya ko ƴar tukunya daga hannun masu yi, ku biya ba tare da dogon ciniki ba.

In kuma akwai tsohuwar maginiya, masaƙiya ko gwanin sassaƙa a ƙauyenku da ya kamata a ji tarihinsa tun yana raye, ku sanar da mu a gidan rediyo, za mu zo da na'urar ɗaukar magana. Sai mun haɗu a fili na gaba, mu kwana lafiya.