Hubert Ogunde: Ɗan Sandan Da Ya Zama Uban 'Yan Wasan Kwaikwayo

Wasan dandali ba kamar littafi ba ne. Da zarar an kashe fitilu, jama'a sun watse, to ya tafi ke nan, sai fa abin da aka ɗauka a hoto ko aka adana a akwati. Tarihin marigayi Cif Hubert Ogunde ya ishe mu misali a kan wannan batu.

An haifi Ogunde a shekarar 1916 a garin Ososa, kusa da Ijebu-Ode, cikin Jihar Ogun ta yanzu. Mahaifinsa malamin majami'a ne, kakansa kuwa na wajen uwa masanin addinin gargajiyar Yarabawa ne. Saboda haka ya tashi da waƙoƙin coci a kunne guda, kiɗan gargajiya da rawar dodanni a ɗaya kunnen. Ya fara aikin koyarwa, sa'an nan ya shiga aikin ɗan sanda a 1941.

Yana cikin kaki ne ya shirya wasansa na farko, "The Garden of Eden and the Throne of God", wanda aka nuna a zauren Glover da ke Ikko a 1944. Ganin yadda jama'a suka karɓe shi, sai ya kafa ƙungiyarsa, ya kuma ajiye aikin gwamnati a 1946 don ya ci abinci da wasa kaɗai. A zamanin nan iyaye ba su yarda 'ya'yansu mata su hau dandali, amma Ogunde ya sa mata a wasanninsa, da yawa daga cikinsu ma suka zama matansa na aure.

Wasanninsa ba na ban dariya kawai ba ne. "Strike and Hunger" ya yi magana ne a kan yajin aikin gama-gari na 1945, kuma hukuma ta hana nuna shi a Jos. "Bread and Bullet" kuwa ya tuno da ma'aikatan haƙar kwal 21 da 'yan sanda suka harbe a Inugu a 1949. Shi ma da ya kai shi Kano sai aka hana. Bayan samun mulkin kai bai canza hali ba. A 1964 ya fito da "Yoruba Ronu", watau kira ga Yarabawa su yi tunani, gwamnatin Firimiya Akintola ta ga da ita ake, ta haramta masa wasa a Jihar Yamma. Sai a 1966, bayan soja sun karɓi mulki, aka ɗage hanin. A 1967 ya wakilci Nijeriya da 'yan rawarsa a babban bajekolin Montreal a ƙasar Kanada.

Abin lura a nan shi ne, Ogunde ya shirya wasanni fiye da 50, ya zaga da su gari-gari cikin mota, amma mafi yawansu an yi su ne tun kafin na'urar bidiyo ta yaɗu. Wanda bai gani da idonsa ba, sai dai ya ji labari. Rawa kuwa ba a koyonta da labari, haka nan ɗinkin suturar wasa. A ƙarshen rayuwarsa ya juya ga silima: ya yi "Aiye" tare da Ola Balogun, sai "Jaiyesimi", "Aropin N'Tenia" da "Ayanmo". A cikin waɗannan ne mai neman ilmi zai ga takun rawarsa da irin tufafin da yake sa wa sarakuna, mayu da bokaye.

A 1986 Gwamnatin Tarayya ta ɗora masa nauyin haɗa ƙungiyar 'yan wasa ta ƙasa. Aikinsa na ƙarshe shi ne fitowa a fim ɗin "Mister Johnson", wanda aka ɗauka a yankin Jos. Ya rasu a Landan ran 4 ga Afrilu, 1990.

Daga baya iyalinsa suka mai da gidansa na Ososa gidan tarihi, inda aka ajiye tufafin wasansa da ganguna da hotuna. Waƙoƙin da ya ɗauka a faifai da wasu sassan finafinansa kuma ana samunsu a YouTube, ta yadda ɗalibi a Zariya ko Maiduguri zai kalla a wayarsa.

To jama'a, mu fa? Ga 'yan koroso, ga 'yan kama, ga wasannin da aka yi a gidajen talabijin na Kaduna da Kano. Faifan bidiyo yana lalacewa in zafi da ƙura suka dame shi, asu kuma ba ya barin tufafi. Duk wanda ke riƙe da irin wannan kaya, ya kamata ya sa a kwafe shi cikin kwamfuta tun da sauran lokaci, don jikokinmu su gani da idonsu.